Jirgin Jawa Bai Zo Ba

Kanchanaburi, ƙasar Siyam, Disamba 1945

Yaya Sumirah,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Ina fatan shinkafar bana ta yi, kuma ba a ƙwace muku ita ba.

Ni lafiya lau nake. Gyambon ƙafata ya kusa rufewa, har ina takawa zuwa kogi. Tun da aka jefa wa Japan bam ɗin nan sojojinsu suka ajiye bindiga, muka daina aikin titin jirgin ƙasa. An kwashe Turawan da muka yi bauta tare. Mu mutanen Jawa kuwa, an ce babu jirgin ruwa sai faɗan da ake yi can gida a birnin Surabaya ya lafa. Wai mun sami 'yancin kai. Abokina Kasdi ya ce, "Tukiran, tashi ka taka rawa mana! Ka zama mai ƙasa guda, wando ne kawai ba ka da shi."

Yaya, ki zauna. Ƙaninmu Ponidi ba zai dawo ba. Amai da gudawa ne suka ɗauke shi, tun daminar bara. Sauran ƙone su aka yi, shi kuwa ni na binne shi da hannuna.

Ki gaya wa Inna a hankali, bayan ta ci abinci. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Tukiran