Mazarin Inna a Kan Sarkin Yukren

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara da maigidan? Ya ƙafar Baba, da fatan ta yi sauƙi? Mu nan garin Laurel lafiya lau.

Yaya, na ga abin da har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Tsohuwar da nake jinya, 'yar Yukren, ta nuna mini kan sarkin ƙasarsu na manna wa wasiƙa da take tarawa. Ga mai hoton maginin tukwane, ga na mai kiwon zuma. Sai ga wata mace zaune tana kaɗi da mazari, ta karkata kai kamar Inna sak. Wallahi sai da na nemi kujera. Ni da na ɗauka Turawa ba su san kaɗi ba.

Na ce mata kakarmu ma sana'arta ke nan, har alli take shafa wa yatsu. Ta ce tata kakar yawu take sawa, ta murza yatsu ta gwada mini. Na tambayi inda mazarin kakar tata yake. Ta ce yaƙin nan ya cinye gidan, har ƙauyen babu. Wannan 'yar takardar kaɗai ta rage mata.

Shi ne na tuna kin ce za a rushe ɗakin Inna a zubar da tarkace. Mazarinta ne tarkace, Yaya? Don Allah ki je da kanki ki ɗauko, har ƙoƙon allin.

Ki gaida Gwaggo, a sa mu a addu'a. Ita tsohuwar nan yaƙi ya raba ta da nata. Mu me za mu ce?

Ƙanwarki,
Binta