Abin da Ya Riga Fitowa

Tamanrasset, 9 ga Janairu, 2001

Zuwa ga ƙanwata Walida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya karatu, yaya zaman Yamai? Ni lafiya lau, sai sanyi.

Takardarki ta iso ta hannun Khamisu direba, na ga tambayar jarrabawarki. Ashe har yanzu darasin nan yana ba ɗalibai wuya. To, buɗe kunne. In kin haɗa sinadaran butadiyen da HBr a kwalba, abu biyu ne ke iya fitowa. Ɗaya mai saurin samuwa ne, ɗayan ya fi shi ƙarko amma yana da nawa. Cikin sanyi mai saurin ne ke rinjaye, don babu ƙarfin da zai mayar da shi baya, yadda ya fito haka zai zauna. In kin ba su zafi da lokaci, sai ya warware ya koma, har mai ƙarkon ya fi yawa a kwalbar. Kada ki rubuta wai na farkon ya fi. Riga zuwa kawai ya yi.

Kin ga kan yayanki bai mutu ba, ko da yake shekara bakwai ke nan da aka rufe mana jami'a na zo nan aikin wata uku. Har yau shafen bango nake a unguwar Gataa El Oued.

Na ga maganar jikin Inna a ƙasan takardar. Ki ce mata da mun gama gidan nan zan taho Damagaram.

Yayanki,
Mahamane

Tamanrasset, 20 ga Maris, 2001

Walida,

Ina gaishe ki. Yaya haƙuri? Yaya mutanen gida?

Kin tambaye ni abin da ya hana ni zuwa. Na nema ban samu ba. Kuɗin mota akwai, takardu akwai. Sau biyu na je tasha, na tsaya ina kallon motocin In Gezzam, garin kan iyakar Nijar, na juyo. Ba tsoro ba ne. Ƙarfin komawar ne babu, kamar abin nan na cikin kwalbarki.

Ranar Talata Khamisu ya same ni a kan tsani, ya gaya mini an binne Inna tun Juma'a. A lokacin na riga na kwaɓa jibs, farin garin da muke shafe da shi. Minti goma yake yi ya daskare, ba a ajiye shi. Na yi salati, na ci gaba. Ina ta jira in ji wani abu a ƙirjina, hannuna yana ta aikinsa. Har yanzu jiran nake.

Na gama bangon. Mai gidan ya shafa shi da tafin hannu, ya ce ban taɓa yi masa mai santsi haka ba. Ni kuwa, Walida, na ce masa na gode.

Allah ya jiƙan ta. Ki yafe mini in kina iyawa.

Yayanki,
Mahamane