Barguna Uku a Kan Ɗan Kwana Talatin da Huɗu

Azare, Asabar, 19 ga Agusta, 2006, ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinki, an ɗauke ruwa tun azahar.

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke na kammala karatun kiwon lafiyar al'umma, ina jiran a tura ni wurin aiki. Yaya Rabi kuma ta sauka, namiji, sunansa Sani. Baba ya sa an kawo ta daga Disina ta yi wankan jego a ɗakinki, ƙanwarsa Gwaggo Asabe ce ke yi mata.

Yau da ƙarfe biyu da minti goma na shiga na tarar da Sani kwance rub da ciki a kan matashin auduga, fuskarsa ta nutse rabi. Akwai hular saƙa a kansa, da rigar sanyi, da safa, da barguna uku. Taga a rufe, kaskon garwashi na hayaƙin turare a gindin gado. Na sa hannu a ƙeyarsa, sharkaf da gumi.

Kin san yadda bargunan suka taru? Da Gwaggo ta ji sallamar wadda ta taɓa kawo kayan barka, sai ta yi wuf ta zaro kyautarta daga akwati ta lulluɓa wa yaron, don kada baƙuwa ta ce an raina abinta. In ta tafi ba mai cirewa. Wata ta zo, a ƙara. Na Hajiyar maƙwabta ne a ƙasa, sai na matar kawu daga Udubo, sai na Maman Ngozi mai shagon kwanuka. An mai da jariri igiyar shanya, ana tsoron ɓata ran manya fiye da tsoron ya kasa numfashi.

Ba zan ɓoye miki ba, ɗan farin Yaya na tuna, Usman. Shekara uku ke nan. A ɗakin nan, da hantsi, yana da mako goma sha ɗaya, lafiyarsa lau. Ke kika kwantar da shi rub da ciki bayan ya sha nono, kika fita tankaɗe. Kika dawo ba ya motsi. Yaya ba ta yi kuka a gaban mutane ba saboda kunyar ɗan fari. Aka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka ce iska ce, wata tsohuwa ta fara lissafin wanda ya yaba ƙibarsa. Kowa ya sami abin faɗa, amma ba wanda ya tambayi yadda aka same shi kwance.

Na yarda kwana na ƙarewa. Abin da ke ba ni ƙyama shi ne yadda muke toshe bakin mai tambaya da wannan kalmar.

A shekarata ta biyu a makaranta aka koya mana cewa akwai jariran da ke mutuwa farat ɗaya cikin barci, mafi yawa a watannin farko, kuma har yau ba a gano ainihin dalilin ba. Amma an san abin da ke rage haɗarin. A kwantar da jariri rigingine duk sanda zai yi barci, ko na rana ne. Shimfiɗa mai tauri, tasa shi kaɗai, kusa da uwarsa, ba matashi. Kansa da fuskarsa a buɗe, kada a jibga masa kaya, kada hayaƙi ya cika ɗakin, a ci gaba da ba shi nono. Rage haɗari na ce, ban ce kawar da shi ba. Ranar na fita daga aji na zauna bayan ɗakin karatu har la'asar.

Kin saba cewa, “Kife shi, kada tumbuɗi ya shaƙe shi.” Ba haka ba ne, Inna. Lafiyayyen jariri da ke rigingine yakan haɗiye ko ya yi tari ya fitar. Ban ga laifinki ba. Abin da aka koya miki kika yi, da hannun da ya raine mu mu shida. Ni ce na san wannan, na kuma yi kwana talatin da huɗu ina kallo ina jin nauyin Gwaggo. Kaina na fi jin ƙyama.

Yau dai na juya shi. Na cire hula da barguna, na janye matashin, na fitar da kasko tsakar gida, na buɗe taga. Gwaggo ta shigo ta ƙare mini kallo ta ce, “Sannu likita! Ke da ko 'yar kyanwa ba ki taɓa goyawa ba.” Ta miƙa hannu za ta kife shi. Sai Yaya, wadda tun rasuwar Usman ban ji ta ambaci sunansa ba, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, “Gwaggo, a bar shi haka. A kife na ɗauki Usman.” Gwaggo ta janye hannunta, ta fita.

Saura kwana shida a yi arba'in, Yaya ta koma Disina, inda ba ni, ba kuma ɗakinki ba ne.

Ga abin da ban sani ba. Ban san abin da ya kashe Usman ba, ba a bincika ba, ba kuma zan taɓa iya cewa kwanciyar ce ba. Ban san ko kin yi ta wannan tunanin a shekarar da kika yi bayansa ba. Ban san ko Gwaggo za ta kife Sani in na fita ɗebo ruwa ba. Ban san ko Yaya za ta iya maimaita maganar nan a gaban surukarta ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da Usman a inuwa ɗaya. Ya raya Sani, Ya ba Yaya bakin magana a gidan da ba ta saba ɗaga murya ba. Amin.

'Yarki,
Bilkisu