Ba Zan Raba Barsu da Ƴaƴanta Ba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya iyali da yara, yaya zaman Legas? Mu nan Baure lafiya lau, an gama girbi, alhamdu lillahi.

Yaya, Barsu, karyar farautar da Baba ya bar mana, ta haifi huɗu, duk da ransu. Ka tuna bara ƴaƴanta sun mutu tun ba su buɗe ido ba. Ina zargin kaina. Galan ɗin maganin feshin ciyawa na yanke nake zuba mata ruwa, wai na wanke da toka. Malamin dabbobi da ya zo duba shanu ya gani, ya riƙe baki ya ce, "A wannan mai ciki take sha?" Ranar na binne galan ɗin, na ajiye mata kasko.

Yanzu kuma Kawu Ilu ya matsa in cire ƴaƴan daga nono da sati uku, a ba su koko, don ta bi mu farautar rani. Ya ce, "Haka muka gada." Na ce, "Kawu, ka gafarce ni, sai ta yaye su da kanta." Har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. To, ya yi ta yi! Zomo ba zai ƙare a daji ba, amma jinin karnukan Baba huɗun nan ne suka rage.

Ka sa mu a addu'a. A gaida mutan gida. In Kawu ya kawo maka ƙarata, ka riga ka ji amsata.

Ƙaninka,
Lawal