Wayar Fawwaz a cikin durowa

Asabar, 4 ga Fabrairu
Na dawo daga kasuwa, na buɗe ƙofa, wayar mijina Fawwaz ta yi kuka a durowa. Na'urar tsaron gidan ce ke tura masa saƙo duk sanda aka shigo. Shi ya sa aka haɗa ta haka, wai don ya san na iso lafiya. Tun rasuwarsa ban bar cajinta ya ƙare ba.

Talata, 7 ga Fabrairu
Rawan ta kira daga garin Aƙaba. "Mama, ke kaɗai ce a gidan nan. A mayar da saƙon kan wayata." Na ce to. 'Yata ce, gaskiya ta faɗa. Amma wa zai riƙa amsa mini in na shigo?

Lahadi, 12 ga Fabrairu
Lambar sirrin da nake da ita ta kunna na'urar da kashe ta ce kawai. Canza wayar da saƙon ke zuwa sai da lambar wanda ya haɗa na'urar. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 16 ga Fabrairu
Abu Laith da ya haɗa ta ya zo. Ya danna lambarsa, ta ƙi. Ya kwashe da dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Ummu Rawan, mijinki ɓarawo ne! Ya dame ni da shayi har na ba shi lambar, ashe canza ta ya yi."
Ya gwada ranar aurenmu. Ya gwada ranar haihuwata, bakwai ga Maris. Shiru.
Ni na san lambar. Shekara da shekaru Fawwaz sai sha bakwai ga Maris yake kawo mini kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku, yana rantsuwa takardar haihuwata ce ta yi kuskure.
Na ce ban sani ba.

Laraba, 1 ga Maris
Na zame a banɗaki. Ba komai, gwiwa ce. Na jima a ƙasa. Rawan ba ta sani ba.

Litinin, 6 ga Maris
Na kira Abu Laith. Ya zo, ya tarar ina ɗingishi. Na ce ya gwada sha bakwai ga Maris. Ta buɗe, ya mayar da saƙon kan wayar Rawan. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Juma'a, 17 ga Maris
Na sayo kunafa, da zafinta. Ina buɗe ƙofa wayata ta yi ƙara, Rawan ce.
"Mama, kin shigo? Ina kika je da gwiwar nan?"
Ashe Abu Laith ya kai gulmata. Muka yi ta musu har kunafar ta huce.
Sai da na wanke faranti na tuna ban saurari durowa ba.