Na ɓoye maganar likita kan ƙibar ƙanwata don Inna ta zauna da ni

Assalamu alaikum mai kula da shafi da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Ina roƙonku kada ku yi saurin zagina sai kun kai ƙarshe, ni ma kullum cikin zagin kaina nake.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Gazawa. Mu biyu Inna ta haifa, ni da ƙanwata, bari in ce da ita Zuwaira ko da yake ba sunanta ba ne. Tana da shekara shida ta kamu da sankarar jini, ni ina da goma. Inna ta ɗauke ta suka tafi Yamai, aka bar ni wajen Gwaggo Hajo, ƙanwar Babanmu. Kusan shekara uku Inna tana zuwa tana komawa, in ta zo ma jikinta ne kawai a gida. Gwaggo ce ta yi mani kitso, ita ta tashe ni zuwa lakol, wato makarantar boko, ita na gaya wa ranar da na fara ganin al'ada.

Zuwaira ta warke, kuma wallahi na yi murna. Ta dawo kamar sillen kara, ba gashi a kai, amma cikin 'yan shekaru ta soma yin jiki. Ta ci, ta ƙara, ba ta jin ƙoshi. Inna sai ta ce a bar ta ta rama kwanakin da ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Fura da nono da sukari nata ne, tsiren ranar kasuwa nata ne, kitsen miya nata ne. Mata in sun shigo sai tubarkalla, ga ɗiyar da Allah ya maido, sannan su dube ni su ce ke kuwa kamar ba tukunya ɗaya kuke ci ba. Ina dariya, amma a fuska kawai. Har na taɓa cewa a raina da ma ni ce na yi ciwon. Wace irin yaya ce ke kishin mara lafiya? Ga ta nan, ni ce.

Shekara biyu da suka wuce na zo gida goyon ciki, cikina na fari wata bakwai. Kun san yadda ake yi, a gidan uwa ake haihuwa, ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa har kwana arba'in. Tun ina amarya nake ƙirga kwanakin nan, na ce yau dai Inna tawa ce. Da cikin ya kai wata takwas sai ga randebun Zuwaira, wato ranar ganin likitanta a Maradi, ya zo. Inna ta ce in daure in raka su, ni kaɗai na yi lakol, likitan kuma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba.

Ya auna ta, ya duba takardar analiz ta gwajin jininta, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce mani da Faransanci sankarar ba ta dawo ba, amma ƙibar nan ba lafiya ba ce. Magungunan da suka ceci ranta sun taɓa sinadaran jiki masu gaya wa mutum ya ƙoshi da masu sarrafa sukari, hakan yana samun wasu yaran da suka tsira daga cutar. Ya ce sukarinta ya fara hawa, a canza mata abinci, ta riƙa tafiya, kuma a kai ta Yamai cikin wata mai zuwa a ƙara bincike. Ya lissafa mani alamomin da in an gani a garzayo. Ni abu ɗaya kawai kunnena ya riƙe: wata mai zuwa. Watan haihuwata ke nan. Na san in na faɗa, Inna za ta ɗaure kayanta ta bi Zuwaira, ni kuma a sake tura ni gidan Gwaggo da jariri a hannu.

Inna ta taɓo ni ta ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Ya ce ta warke sarai, jikin da ta yi alamar lafiya ce, ba sai an dawo ba.”

Inna ta ɗaga hannu tana hamdala, likita ya zaci ta gane, ya miƙo mani takarda. Na sa ta cikin tsohon kayena, littafin rubutuna na lakol, tana nan a ƙasan akwatina. Na ce wa kaina daga arba'in zan faɗa. Na samu kwanakina arba'in, Inna ta yi mani wanka da hannunta, ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsu. Da suka cika sai kunya ta kama ni. Ta ina zan fara?

Yanzu Zuwaira tana da sha tara. Wuyanta ya yi baƙi, Inna tana dirzawa da soso tana cewa dauɗa ce. Ba ta rabuwa da moɗa a hannu, fitsari ba iyaka, tana ganin dishi-dishi, ƙurji ya fito mata a ƙafa ya ƙi warkewa. Wata biyu ke nan kuma ta soma ramewa. Duk abin da likitan ya lissafa, ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta ce baki ne, mai hassada ya sa wa ɗiyarta ido. Kuma Gwaggo Hajo take zargi, don a wajen wani suna Gwaggo ta ce jikin Zuwaira ya yi yawa, a kai ta a duba. Ko gaisawa ba sa yi yanzu. Matar da ta raine ni! Inna tana ta ɗura wa Zuwaira rubutu da zuma da fura mai sukari don jikin ya dawo, ni ina tsaye ina kallo. Na ce mata mu koma wajen likita, sai ta ce likita ya gama nasa, da bakina na gaya masu, ba za ta sake kai ɗiyarta inda aka zubar mata da gashi ba.

Shekaranjiya ina yi wa Zuwaira tsifa, ta ce mani, “Yaya, ai ya ce na warke ko? Ke kika ji da kunnenki.” Na ce mata e. Ta ce to hankalinta ya kwanta.

Abin da ya fi ba ni kunya, ko yanzu in na ga Inna tana yi mata fifita sai in kau da kai. Kishin bai mutu ba. Amma ba na son ƙanwata ta makance ko ta rasa ƙafa, Allah shi ne shaidata. In na fito da takardar, Inna za ta san kwana arba'in ɗin da ta yi mani na sata ne, ban san ko za ta ƙara dubana ba. In na yi shiru, Zuwaira ce za ta biya.

Ranar Alhamis Inna za ta garin Sae Sabuwa wajen wani malami ya duba mata wane ne mai hassadar, kuma ta ce ni zan raka ta, don da ni kaɗai ta yarda. Jama'a, me zan yi?