Sallamar da Kika Yi wa Mai Gidan Hayarmu

Zuwa ga Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da angonki. Tun da kuka tsallaka iyaka ta Kongolam lambarki ta daina shiga, shi ya sa na rubuto a wannan shafi, ko wani zai gani ya kai miki.

Yaya, ɗakinmu na Daura zai fita daga hannuna, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye.

Kin tuna ranar da muka kama shi, muna sababbin malaman firamare? Mai gidan ya miƙo takardar haya kika sa hannu. Da biro ya zo kaina sai na yi miki kara, na ce hannun babba ya wadatar. Har dariya kika yi, kika ce, "Ke da kunyarki ta mutanen Zango!"

Shekara uku muna ɗakin nan. Ke girki, ni shara da ɗibar ruwa, haya kuwa tare muke biya. Ban taɓa jin ni baƙuwa ce ba.

Ranar da za ki tare kika je yi wa mai gidan sallama, kika bar masa makullinki. Yanzu cewa yake kin sallama ɗakin. Na rantse masa sallamar bankwana ce, ya ce shi sallama ɗaya ya sani.

Na je wurin wani lauya, ɗan'uwan shugabar makarantarmu. Ya ce tunda sunana ba ya takarda, hujjata ba ta da ƙarfi. Amma wa'adinki bai ƙare ba. In kika faɗa da bakinki cewa ba ki saki ɗakin ba, dole a saurara, a ba ni lokaci.

Wallahi tsoro nake ji. In na rasa ɗakin nan, Baba zai ce in koma gida, aikin kuma ya tafi ke nan.

Ashe mai gidan ɗansa da zai yi aure zai sa a ɗakin. Jiya dangin amarya suka zo awon jere. Ina zaune a kan katifata, wata ta ce in ɗan ɗaga ƙafa igiya ta wuce. Na ɗaga, Yaya.

Ban riƙe ki ba, na san ladabi kika yi. Ki dai kira mai gidan kafin Juma'a, ranar za su kawo gado.

Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa wasiƙar nan ta riga gadon isowa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Saude